Gashin Kanari a Ƙofar Bushiya

An yi wata Bushiya da ke zaune ita kaɗai a gindin wata tsamiya. Saboda ƙayar jikinta ba mai raɓar ta. Ko gaisuwa daga nesa ake ɗaga mata.

Da kaɗaici ya ishe ta, sai ta share gindin tsamiyar tas, ta mai da shi dandali, ta ce duk mai waƙa ya zo ya rera. Ita ba ta da murya. Nata dai shara, sai ta koma gefe ta saurara.

Kwaɗi suka zo, gyare ya zo. Amma wurin bai cika ba sai da Aku, mai son yabo, ya zo da wata waƙa mai ratsa zuciya. Rassa suka cika maƙil. Har aka fara cewa, "Inna Bushiya, ina wuni?"

A dajin akwai al'ada. Wanda aka ɗaukar wa waƙa ba izini yakan ajiye gashinsa guda a ƙofar mai dandali. Daga nan wajibi ne a dakatar da waƙar har a bincika.

Wata safiya Bushiya ta tarar da ɗan gashi ruwan ɗorawa a bakin raminta. Na Kanari ne, wadda ba ta cika shiga jama'a ba. Tsintsiya na hannun Bushiya. Shara ɗaya, da ya bi iska. Ta daɗe tana kallon rassan, sannan ta ajiye tsintsiyar.

Da la'asar ta ce, "Malam Aku, yau ban da waccan waƙar. An kawo gashi."

"Ke, buhun ƙaya! Kafin na zo, wa ya san da ke?"

"Ba kowa," in ji Bushiya. "Amma dai ban da ita."

Aku ya tashi fir, jama'a suka bi shi. Kashegari Bushiya ta yi shara kamar kullum, ba wanda ya zo.

Kanari kuwa ba ta huce ba. Ta kai ƙara wurin Gauraka, alƙalin tsuntsaye. "Ranka ya daɗe, a rufe dandalin nan! A can aka yi ta yin bushasha da waƙata."

Gauraka ya sa aka kira Bushiya da Aku, ya ce, "Bushiya, kin san waƙar ta Kanari ce?"

"Sai ranar da na ga gashin, ranka ya daɗe."

"To, inuwa kika bayar, ba baki ba. Da kin share gashin, da kin zama abokiyar sata. Kai Aku, waƙar wa ce?"

"Tawa ce mana!"

"Madalla. Ƙarasa mana ita."

Aku ya rera har inda ya saba tsayawa, sai ya kakare. Iyakar abin da ya ji ke nan daga bakin Kanari, yana laɓe a bayan ganye. Kanari ta yi waƙar ne ga mijinta da masu tarko suka tafi da shi, kuma ba ta taɓa iya rera ƙarshenta ba, saboda kuka. Aka yi wa Aku eho, ya gudu da kunya.

Jama'a ba su dawo da wuri ba. Amma wata la'asar, Kanari ta sauka a kan reshen da ya fi kusa da ƙasa.

"Inna, in ƙarasa miki?"

Bushiya ta kwantar da ƙayarta, ta matso.

Darasin wannan labari shi ne, laifin ɓarawon waƙa ba ya hawa kan mai dandali, muddin bai kau da kai ba bayan an sanar da shi. Haka yake ga masu shafukan intanet a yau.