Gizo a Ƙasar da Ba a Tayi Sau Biyu

Ku bar mintsinin juna ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara fari ya cinye garin su Gizo. Shi da matarsa Ƙoƙi suka ɗaure 'yan komatsansu, suka haye kogi zuwa ƙasar su Kunkuru neman gona. Kuma dole su samu kafin ruwa ya sauka, don a can duk baƙon da damina ta riske shi ba gona, komawa yake inda ya fito.

Aka kai su wurin Mai'unguwa, wani tsohon Kunkuru wanda in ya fara magana sai ka dafa wake kafin ya kai ƙarshe. Ya sa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na narkewa a kai.

"Baƙi... bismilla."

Kwana biyu Gizo bai sa komai a ciki ba. Amma a garinsu ba a yi wa mutum tayi ya afka wa akushi. Sai ya ƙi, a roƙe shi, ya sake ƙi, a rantse masa, sannan ya wanke hannu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, a ƙoshe muke."

Mai'unguwa ya ce, "To... madalla." Aka ɗauke akushin.

Gizo ya bi shi da ido har ƙofa, yana jira a dawo da shi. Shiru. Takaici ya cika shi.

"Ƙoƙi, waɗanne irin mutane ne waɗannan? Ko 'haba, ɗan taɓa' babu?"

"Maigida, ai kai ka ce ka ƙoshi."

"To da me zan ce? In ce yunwa nake ji, a gaban mutane?"

Mai'unguwa ya sake buɗe baki. "Akwai ɗaki... a gidana."

Gizo ya ce a ransa yanzu kam za a lallashe shi. Ya gyara murya. "Kada ku wahalar da kanku, gindin tsamiyar can ma ya ishe mu."

"To... madalla."

Aka kai musu tabarma gindin tsamiya. Nan suka yi kwana uku, tururuwa na cizonsu, Gizo sai tsaki yake yana mita: tuwonsu ya yi tauri, gaisuwarsu ta yi gajarta, ko rana ma a ƙasar nan ba ta san ya kamata ba. Kun san halinsa, laifin kowa yake gani ban da nasa.

Ƙoƙi ta gaji. Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, ta zauna cikin matan garin ta tambaye su. Da ta dawo ta ce, "Maigida, ba rowa ba ce. A nan magana ɗaya ce, abin da ka faɗa shi ake ɗauka. Kuma sun ce..."

"Ya isa, na gane. Ashe abin ba wuya."

"Ban gama ba."

"Na ce na gane, Ƙoƙi. Ni za ki koya wa dabara?"

Washegari hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai ga Mai'unguwa tafe da dattawa biyu, shaidun rabon gona. Ya zauna, ya huta, ya miƙo wuya.

"Akwai wata gona... a kan fako..."

Gizo ya yi zumbur ya miƙe. "Na karɓa! Kun ji, na karɓa."

"...wadda shekara goma... ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Ni ta fadama... na zo in ba ka. Amma tunda ka karɓi wannan... madalla."

Gizo ya ji kamar ya haɗiye harshensa. "Ranka ya daɗe, ai ban gama ji ba. A sake lale."

Dattawan suka ce, "Ka faɗa, mun ji."

Abin da matan rijiya suka ƙara wa Ƙoƙi ke nan, wanda ya hana ta faɗa: ba a katse Kunkuru, don abin kirkin yana ƙarshen maganarsa.

Ba a kore su ba, tunda dai sun sami gona. Amma duk daminar nan Gizo ya yi ta saran ƙasa mai tauri kamar dutse, fartanya uku ya karya, yana hango masarar fadama ta fi mutum tsayi. Da kaka ta yi, abin da ya girbe Ƙoƙi ta ɗauko shi gida a hannu ɗaya.

To jikokina, in Allah ya kai ku ƙasar wasu, kada ku ɗauka al'adar gidanku ita ce ta duniya. Ku tambaya, in kuma ana ba ku amsa, ku yi haƙuri ku ji ta har ƙarshe.

Nan ta tsaya. Ƙurungus kan kusu.