Hayaƙin Asabar a Rijiyar Mantau

Tun zamanin da ayarin raƙuma ke shafe watanni tsakanin Azbin da Kano, akwai wani daji a arewacin Damargu wanda fatake ke ratsawa bakinsu ɗauke da addu'a, domin tafiyar kwana huɗu ce babu ruwa. A cikinsa wani maharbi ke zaune shi kaɗai, ana ce masa Mantau. Maroƙa kan yi masa kirari da "Mantau na gindin aduwa, kibiya ɗaya nama biyu, mai shinshina ruwa kafin ya sha." Ƙarshen kirarin nan ba zuga ba ce, halinsa ne. Mantau bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi, sai ya tsaya tunanin abin da kake nema.

An ce wata rana ya harbi gwanki, ya bi jininsa wuni guda, har ya tarar da shi tsaye a gindin wata aduwa yana tonon ƙasa da kofato. Gwankin ya dube shi, ya ɓace, ya bar kibiyar a kafe cikin danshi. Nan Mantau ya haƙa gaba bakwai ya sami ruwa. Shi kansa ruwan sai da ya ba karensa ya sha, ya jira kwana biyu, sannan ya kai bakinsa. Kafin shekara uku ayari sun mai da wurin zango, an kafa bukkoki goma sha wani abu, makiyaya sun matso da dabbobinsu.

Wata shekara wani ayari ya tashi ya bar mutum biyu a baya: wani Bayahude daga can ƙasar Magrib, mai suna Makalufu ɗan Hayim, wanda zazzaɓi ya kayar, da matarsa Firaiha. Tare da su akwai akwatuna shida a liƙe da darma. Mantau ya ba su bukka, don baƙo amana ne, amma ya zaɓi wadda ƙofarta ke kallon tasa.

Tun daga ranar farko aka fara saɓani. Mantau ya harbo barewa ya aika musu da cinya, aka dawo da ita da godiya, wai addininsu bai yarda su ci naman da kibiya ta kashe ba. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. A ganinsa wanda ya ƙi cin abincinka yana da dalilin da ba ya so gishirinka ya kama shi.

Da Makalufu ya warke, sai ya fasa akwati ɗaya. Mantau yana jiran ya ga albarushi ko layu, sai ya ga busasshen ganye. Baƙon ya hura wuta, ya tafasa ruwa a wata 'yar buta, ya zuba ganyen da na'ana'a, Firaiha ta fasa dunƙulen sukari da ɗan guduma. Ya ɗaga butar sama ya tsiyaya a kofi har kumfa ta taso, ya miƙa da hannu biyu, ya ce sunansa shayi, sana'ar gidansu ce tun kakansa.

Mantau ya ce, "Fara sha."

Makalufu ya kurɓa ya miƙa masa. Haka suka yi ranar, haka suka yi washegari, haka suka yi shekara biyu. Mantau ya kamu da son abin nan har ba ya fita farauta sai ya sha, amma bai taɓa karɓar kofin da mai shi bai ɗanɗana ba.

Fatake kuwa ba su tsaya wannan dogon lissafi ba. Labari ya bazu cewa a Rijiyar Mantau akwai ruwan da ke warware gajiyar kwana huɗu. Murhun Makalufu ya zama ba ya mutuwa daga hantsi zuwa faɗuwar rana, hayaƙinsa yana miƙewa sama har matafiyi ya hango shi daga tafiyar rabin wuni.

Sai fa ranar Asabar. Daga faɗuwar ranar Juma'a murhun kan yi sanyi. Makalufu ya sa farar riga, ya zauna yana karatu yana rangaji. Ba ya hura wuta, ba ya ciniki, ba ya nisa da bukka. Ko madugu ne ya roƙa, sai ya ba shi haƙuri, ya ce ranar hutu ce da Ubangiji ya ɗora wa mutanensa. Mantau ya ji wannan ya ajiye a ransa. Bai taɓa ganin ɗan kasuwar da ke korar ciniki don Allah kawai ba.

A shekara ta uku mahara suka faɗo wa zangon da rana tsaka, suka kore raƙuma ashirin. Bayan mako uku suka sake dawowa, suka kashe wani makiyayi a bakin rijiya. Kowa na kuka, Mantau na ƙirga kwanaki a yatsa. Harin farko Asabar, na biyu ma Asabar, ranar da babu hayaƙi. Ruwa ba ya tsami banza. Da bakinsa ya faɗi wannan a gaban jama'a, kuma ya ji daɗin faɗar, irin daɗin mutumin da zatonsa ya daɗe yana jiran rana.

Madugu Arzika, wanda raƙuman da ya bari kiwo a zangon ne aka kora, ya sa aka kira Makalufu gindin aduwa. Ya ce masa biri ya yi kama da mutum: rashin hayaƙin nan saƙo ne ga mahara. Saboda haka Asabar mai zuwa ya hura wuta kowa ya gani, in ya ƙi, a raka shi da matarsa bakin daji a ƙasa, ba raƙumi ba salka. Kowa ya san ma'anar wannan, kwana biyu ƙishirwa za ta gama da su.

Makalufu ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san mahara ba, ba su san ni ba. Amma wuta ba zan hura ba."

Ya dubi Mantau, mai masaukinsa, ko zai ce wani abu. Mantau ya kau da kai. Abin da ya roƙa kawai shi ne a jinkirta korar zuwa Lahadi, ba don tausayi ba, sai don yana so ya kama baƙon dumu-dumu da hannunsa.

Ranar Asabar da sassafe jama'a suka kwashe dabbobi da mata zuwa wani kwari a kudu don tsoron mahara, aka bar Makalufu da Firaiha su kaɗai a zango. Mantau ya ɗauki kwari da baka ya zagaya ta gabas, inda wani tudu ke kallon rijiya. A can ya ga abin da bai zata ba: wani ɗan gurbi a bayan dutse, cike da ƙwallayen dabino, tsofaffi da sababbi, shaidar an daɗe ana zama a wurin. A ciki kuwa ga ɗan leƙen asirin mahara kwance rub da ciki. Mantau ya danne shi, ya ɗora masa wuƙa, ya tambaye shi nawa suke ba Bayahuden.

Mutumin ya ce wane Bayahude? Su dai sun lura ranar da hayaƙi ke tashi, ayari na nan da masu da takubba. Ranar da babu, fatake sun wuce tunda ba abin da zai tsayar da su, sai makiyaya. Ba wanda ya aiko musu da komai, ido kawai suka sa.

Jikin Mantau ya yi sanyi, kuma wannan sanyin ne ya cuce shi. Hannunsa ya sassauta, mutumin ya zare kibiya daga kwarin Mantau ɗin kansa, ya caka masa a cinya, ya ruga ya kira 'yan'uwansa. Mantau ya san dafin, shi ya dafa shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya ja ƙafa zuwa zango, ya faɗi a ƙofar bukkar da ya shekara biyu yana gadi.

Makalufu ya fito da farar rigarsa. Ya dubi raunin, ya dubi murhunsa mai sanyi. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki ƙyastu ya ƙyasta. Firaiha ta tula itace ɗanye da busasshe, duk wanda hannunta ya kai. Ya gasa wuƙa ta yi ja, ya tsaga wurin ya cire tsinin, ya matse baƙin jinin, ya wanke da ruwan ganye mai ɗaci, ya ƙone bakin raunin. Hayaƙi ya turnuƙe sama. An ce mahara sun riga sun hau tudu, da suka hango shi sai suka ɗauka tarko ne aka ɗana musu, suka juya.

Da Mantau ya farfaɗo, hali zanen dutse, abin da ya fara fita daga bakinsa tuhuma ce.

"Baƙo, ka ce ko za a kashe ka ba za ka hura ba."

Makalufu ya ce, "Su so suka yi su ga ko zan sayar da ranar don tsoro. Kai kuwa jini ke zuba, maigida. A wurinmu rai yana gaba da Asabar."

Ya tsiyaya shayi, ya kai kofin bakinsa zai ɗanɗana kamar kullum. Mantau ya kama hannunsa, ya karɓe kofin ya shanye. Kunya ta hana shi ɗaga ido.

Da jama'a suka dawo, a kwance ya ba su labari, bai rage komai ba, har da cewa shi ya fara kunna maganar. Daga nan kowace Asabar Mantau kan ɗingiso da sandarsa ya hura wuta a gefen bukkar abokinsa, ya dafa wa matafiya shayi kyauta. Makalufu bai taɓa roƙonsa ba, don addininsa ya hana shi sa wani aiki a ranar. Shayin Mantau, a gaskiya, bai taɓa yin daɗi ba, amma hayaƙi bai sake yankewa ba, mahara kuma ba su sake dawowa ba.

Masu ba da labarin sun ce zuriyar Makalufu ta riƙe sana'ar har jika na bakwai, akwatunansu masu tambarin gwanki suka kai birane masu nisa, zangon kuma ya zama gari. Rijiyar tana nan, aduwar ta tsufa. Ranar Asabar jikokin Mantau ne ke hura murhu, ba a karɓar ko anini. Sauran ranaku, duk baƙon da ya shiga gidan shayin, ko sarki ne, sai mai dafawa ya fara kurɓa a gabansa kafin ya miƙa masa. Mutum ɗaya ne ba a yi wa haka. In jinin Mantau ya shigo, a cike ake miƙa masa kofi, ba wanda ya taɓa, shi kuma ya shanye bai shinshina ba.