Akuyar Lai'atu da Bijimin Ƙuri'a

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, sunanta Lai'atu. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗakin soro guda ɗaya da wata jar akuya. Akuyar lafiyarta lau, ɗakin ne ba lafiya, don gara ta cinye azarar rufin. Magini ya zo ya ƙwanƙwasa azarar da sanda, gari ya zubo masa a ka. Ya kaɗe hularsa ya ce, "Mama, damina biyu zai ɗauke ki. Ta uku kuwa, in ba ki sa kwano ba, kada ki gaya wa kowa na taɓa shigowa gidan nan."

A ƙauyen akwai wani attajiri mai babban garke. Ya sa aka yi shela cewa kowa ya kawo akuyarsa ajiya, ranar da ya ga dama ya zo ya kwance abarsa, ba mai hana shi. Abin da ta haifa na garke ne. Amma kowace shekara bayan girbi za a zuba sunayen masu ajiya a ƙwarya, a sa wani tsoho makaho ya jawo ɗaya, mai rabo ya tafi da bijimi. Aka ɗaure bijimin a gindin tsamiyar kasuwa, fari tas, tozonsa kamar tulu. Mutane suka bar ciniki suna kallonsa.

Lai'atu tana da ƙanin miji, Zakka, wanda bakinsa ke riga ƙafarsa isa ko'ina. Shi ya fara kai tasa akuyar. Daga garken bai zame ko'ina ba sai gidanta.

"Matar Yaya, kina nan kina hira da gara? Kai akuyarki! Bijimin nan kaɗai zai rufa miki ɗaki har da na kaji. Ko ba ki ci ba, akuyarki tana nan. Asarar me kika yi?"

Ta ce, "Kai da ko a rabon naman Kirsimeti ƙashi ke faɗo maka?"

"Bana dai ki gani. Har na kafa turke a ƙofar gida."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Ta ɗaga kai ta dubi azarar, ta tuna tozon nan. Washegari da safe ta ja akuyarta sai garken attajiri.

Tun daga nesa take jin kuka. Da ta isa, sai ta ga ana kora 'yan awaki waje, tuli guda, iyayensu na ciki suna ta kira. Ta durƙusa ta gai da attajirin, ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ƙananan fa, ina za su?"

Shi kuwa ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Kasuwa mana. Da me kike tsammani ake sayen bijimin?"

"Masu ajiyar kuma su nawa ne?"

"Sun haura ɗari."

Lai'atu ta ƙara riƙe igiyar akuyarta. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta ga abin sarai: gida ɗari ke ba da 'ya'ya, gida ɗaya ke jan bijimi. Ta dubi akuyarta, cikinta har ya fara nauyi. Ta ce, "A gafarce ni, wucewa nake yi."

Ta wuce har ruga, wurin wata Bafulatana, Inna Dudu, ta ba ta kiwo yadda aka saba tun kakanni: in akuya ta haifi biyu, ɗaya na mai ita, ɗaya na mai kiwo. Ba ganga, ba ƙwarya, ba 'yan kallo.

Zakka ya samu abin yi. Duk inda ya gan ta sai ya ɗaga murya: "Ga mai garke nan! A ba ta hanya kada dabbobinta su tattake mu!" Ita kuma ta ce, "Ina gajiya, mai bijimi? Ya turke, yana cin ciyawa kuwa?"

Girbin farko, makaho ya jawo sunan wani mai faci. Na biyu, ya jawo na matar mai unguwa. Kowannensu ya ja bijiminsa ana guɗa, ba a cuci kowa ba. Lai'atu kuwa damina ta biyu ta ba ta wuya. Ta jera kwanuka a ƙasa suna tarar yoyo, ta mai da gadonta bakin ƙofa. Amma a ruga jar akuya tana aikinta, 'yarta ta fari ma ta fara nata. Da bazara ta uku ta kama, Inna Dudu ta koro mata biyar. Ta sayar da huɗu, ta sayo kwano da katako da ƙusa, ta kira magini.

A makon nan Zakka ya gaji, ya je ya kwance tasa. Aka miƙa masa ita ba gardama, ita ce dai, sai dai ta tsufa. Makiyayin garken ya ce, "Kai, za mu yi kewarta. Sau huɗu tana haihuwa, duk tagwaye."

Yana jan ta zuwa gida hadari ya taso. Ya ruga ya fake a ɗakin Lai'atu. Ya buɗe baki zai ba ta labarin yadda saura ƙiris makaho ya taɓa sunansa, sai ruwa ya sauka a kan sabon kwano. Bakinsa na motsi, ba a jin kome. Lai'atu ta nuna sama da yatsa ta ce, "Ɗaga murya, mai bijimi, awakina suna kuka!"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: akuyar ita ce ɗan abin da Ubangiji ya danƙa a hannunka. Ruga ita ce ajiyar da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ba ta da daɗin labari. Garken attajiri kuwa shi ne irin ajiyar nan da ake ce maka kuɗinka na nan daram, ba riba, amma wataƙila ka ci mota. Gaskiya ne yana nan. Sai dai ka tambaya kamar Lai'atu: 'ya'yansa fa, ina za su? Da su ake sayen motar da wani zai hau ya watsa maka ruwan kwata.

Ba a ce attajirin ɓarawo ne ba. Mai awaki goma da rufi mai kyau, in ya ɗaure ɗaya can don nishaɗi, ruwansa. Amma mai akuya ɗaya da gara a ɗaki, kada ya rataya rufinsa a hannun makaho. Haka ma tafiyarmu da Allah. Wasu na jiran babbar rana ɗaya da albarka za ta faɗo musu gaba ɗaya, sun bar ƙaramar addu'a da ƙaramin aikin aminci na yau, alhali su ne ke haihuwa.

Wanda ya riga ya kafa turke a ƙofar gida, ba sai ya ɗaga hannu ba, duk mun bi ta wajen mun gani. Ya je ya kwanto akuyarsa tun tana da sauran haihuwa.