Zabuwa da Tatsuniyar Tsakar Rana

An yi wata Zabuwa mai ji da kanta, wadda ba a yi mata faɗa. Kurciya ta taɓa gwada yi mata nasiha, har yau tabon saran yana ƙeyarta. Zabuwar nan ta ɓoye ƙwai goma sha biyu a gindin sabara, amma duk wanda ta saka sai ta hau suri ta cika daji da shela.

Maƙwabciyarta Bushiya tsohuwa ce mai kawaici. Wata rana ta ga sawun Guza, sarkin shan ƙwai, yana ta kewaya wurin. In ta faɗa wa Zabuwa kai tsaye ta sha sara, in ta yi shiru ƙwai su salwanta.

Rana tsaka ta tara tsuntsaye ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Kowa ya yi sororo. Kurciya ta dafe ƙirji. "Tatsuniya da rana, Inna? Lafiya kuwa?"

"Wannan ba ta jiran dare," in ji Bushiya. "An yi wata tsuntsuwa da ta ɓoye dukiyarta, sannan ta hau tudu tana gaya wa duniya. Ɓarawo bai sha wahalar nema ba."

Zabuwa ta kwashe da dariya. "Kaza ce! Wallahi Kaza ce, uwar kyarkyara!"

Bushiya ta ce, "'Yar nan, kin ma san mece ce tatsuniya?"

"Wa bai sani ba? Ƙarya ce mai daɗi, a yi wa wawaye dariya a watse."

"A'a. Gaskiya ce aka ɗaura wa zanen aro, don mai laifi ya gyara ba tare da ya ji kunya ba. Ki sake tunani."

"Ni za ki koya wa tunani, ke da ko fiffike ba ki da shi?"

Fir ta tashi ta dira kan suri, tana maimaita labarin don Kaza ta ji haushi. Kai, girman kai rawanin tsiya! Har da ƙarawa, "Ku yi koyi da ni! Ga ƙwaina nan goma sha biyu a gindin sabara, wa ya taɓa ganinsu?" Ta kaɗa kai ta tafi kiwo.

Da la'asar ta dawo, sai ɓawo fari fat a warwatse. Guza na kwance yana lashe baki.

"Na gode, Hajiya," in ji shi. "Kwana uku ina nema, sai yau kika yi mini kwatance."

Zabuwa ta bi ɓawon da kallo. Can ta juya ga Bushiya. "Inna... ashe ni ce?"

Bushiya ta share hawaye. "Ke ce, 'yar nan. Shi ya sa ban jira dare ba."

Darasin wannan labari shi ne, tatsuniya gargaɗi ce da ake sakayawa cikin labarin wasu. In an ba ka ita, kafin ka nemo wanda za ka yi wa dariya, fara duba ko da kai ake.