Ranar da Lami Ta Kama Sunan 'Yar Farinta

Akwai wata mata a Nasarawo mai suna Lami, ƙuli-ƙuli take yi a gida. Mace ce mai alkunya ƙwarai. 'Yarta ta fari, Bashira, ta kai shekara sha huɗu, amma ba wanda ya taɓa jin Lami ta kama sunanta. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Haka ta taso ta gani a gidansu, ɗan fari ba a nuna cewa naka ne a gaban mutane.

Rannan masu rigakafi suka zo ƙofar gidan Jauro mai unguwa, suna yi wa 'yan mata allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa. Lami ta fito kallo da goyonta, ta tsaya a bayan mata. Can sai ta hango Bashira a layi, ita kaɗai, da hijabin Islamiyya.

Da aka zo kanta, mai allurar, Sista Selina, ta ce, "'Yan mata, ina babanki? Ba ma yi sai iyaye sun yarda."

"Ya tafi Yola da mota."

"Mamarki fa?"

Bashira ta saci kallon uwarta, ta sunkuyar da kai.

Maƙwabciyarsu, Iya Delu, ta tuntsire da dariya. "Sista, ga ta can tana ɓuya bayan mutane! Amma ko yanka ta za ki yi ba za ta amsa ba. 'Yar fari ce."

Mata suka ɗauki shewa.

Selina ta ce, "To ni kam ba na sokar 'yar mutane sai na ji daga bakin uwarta. Kuma yau muke gamawa da unguwar nan."

Lami ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta gyara goyon da bai kwance ba. Ta dubi ƙafarta.

Bashira ta sauke hannun rigar da ta naɗe, ta fita daga layin a hankali, kamar wadda ta riga ta san haka za a yi. Wannan fitar ce ta soki Lami.

"Bashira."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. Shewa ta tsaya.

"Koma layi. Sista, 'yata ce. Na yarda, a yi mata."

Iya Delu ta riƙe haɓa. Ba ta sake dariya ba. Jim kaɗan ta aika a kira mata jikarta, wasu mata biyu ma suka nufi gida ɗauko nasu.

Da aka gama, Selina ta ce, "Da zafi ko?"

Bashira ta ce, "Ban ma ji ba." Idonta na kan uwarta.

Darasi: Alkunya ado ce, amma kada ta tsaya tsakaninki da lafiyar ɗanki. Yaro ya girma ba ya nufin ya wuce rigakafi. Ku tura wa iyaye mata wannan labari, wataƙila akwai wata Bashira da ke jira a layi.