Nomau Mai Shayi da Tarin Masu Fasa Dutse

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can baya, ana ce masa Nomau mai shayi. Teburinsa na bakin ramin da ake fasa dutse. Ku saurara da kyau, jama'a.

Masu fasa dutsen nan tari ke cinye su. Ka ga ƙato da ƙarfinsa, kafin ka ankara numfashi ya gagare shi. Su kuwa sun ɗauka madara ce magani. Da an tashi aiki kowa sai ya kwankwaɗi kofi guda, wai ta wanke ƙurar ƙirji. Wa ke sayar da madarar? Nomau. Ƙanensa Cindo ma dutsen yake fasawa, kullum Nomau cika masa kofi yake kyauta, don tsoron kada ya rasa shi.

Ana nan sai ga wata likita, Hansatu, ta zo da ɗalibanta suna binciken tarin. Ba a je ko'ina ba guzurin aikin ya ƙare. Ta zo yi wa Nomau sallama, ta ce, "Baba, madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, ba sa haɗuwa. Na so in ɗauki hoton ƙirjinsu in gano bakin zaren, ga shi babu hali."

To fa. An taɓa kasuwarsa ke nan. Da ni ne ko kai, sai mu ce Allah ya kiyaye hanya, mu ja bakinmu mu yi gum. Shi kuwa yana da bajimin sa da ya daɗe yana kiwo don kujerar Makka. Ya ja shi kasuwa ya sayar, ya kawo wa likitar kuɗin gaba ɗaya.

Matarsa ta ce, "Malam, Makkar fa?"

Ya ce, "Ɗakin Allah ba inda za shi. Numfashin Cindo ne ba ya jira."

Bai tsaya nan ba. Duk wanda ya miƙo kofi sai ya ce, "Sha don daɗi, ɗan'uwa, ba ta wanke komai."

Bincike ya kammala, aka gano a riƙa jiƙa dutse kafin a fasa, a kuma rufe hanci da baki. Tari ya ja baya, gari ya ɗauki murna. Ɗaliban nan suka zama likitoci, suka bazu wajen marina, majema da masu injin niƙa. Cindo kuwa sai da ya tsufa tukuf, ba haƙori ko ɗaya, jikoki na hawa bayansa, Nomau na gefe yana ta dariya har da hawaye. Wallahi labarin nan daɗi yake yi mini.

Jama'a, sadaka mai gudana ba rijiya da masallaci kaɗai ba ce. Ilimin da zai tsare lafiyar mai neman halal, shi ma sadaka ne. Gidan da kake kwana, wani ya shaƙi ƙurarsa. Rigar jikinka, wani ya tsoma hannu a baba ya rina ta. In aka ce za a karantar da likita ko a binciko ciwon masu sana'a, kada ka ce aikin gwamnati ne. Ka ba da abin da kake so, tun masu yi maka wahala suna numfashi.