Kurege da Gwiɓar Iya Barmani

Ga ta nan, ga ta nanku, har da kai mai gyangyaɗi a bayan murhu.

Ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwar Bamagujiya ce, Iya Barmani. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, sai gona guda. Duk damina sai ta kira gayya, ta dafa wa manoma burukutu, su nome mata. To amma Iya akwai gaggawa. Ta jiƙa dawa, ta yi tsiro, ta niƙa, ta dafa, tun da zafinsa sai ta juye gaba ɗaya cikin tulu, har da gwiɓar da ke kwanciya a gindin tukunya. Burukutu ya fito dagule-dagule, wanda ya sha sai ciki ya yi ta ƙugi. Sarkin noma ya ce mata, "Iya, bana in aka sake ba mu wannan kunun laka, ciyawa ce za ta gaje gonarki."

Iya ta zauna bakin murhu ta yi tagumi. Sai ga Kurege. Shi kuwa duk duniya ba abin da yake so kamar gwiɓar nan mai kauri. Ya ce, "Sannu Iya. Ai ni na san ciwonki. Rabon mai kuka, iskan nan na kukar bayan gida, kike haɗawa da na mutane, shi ya sa yake dagula miki."

Ta ce, "To yaya zan yi, ɗan nan?"

Ya ce, "In kin sauke, ki ɗora tukunya kan jiƙaƙƙen yashi. Ki juya da muciya sau ɗaya, ki cire hannunki. Kada ki taɓa, kada ki leƙa, sai ta huce. Sannan ki tsiyaye na sama a hankali. Na ƙasan ki zuba a ƙaramin tulu, ki kai gindin kuka."

Ƙarya fa yake shararawa, cikinsa kawai yake yi wa aiki. Amma Iya ta yi yadda ya ce. Ba ta taɓa ba, ba ta leƙa ba. Gwiɓa ta taru tsakiyar tukunya ta kwanta, na sama ya fito garau. Burukutu ya nuna, 'yan gayya suka sha, suka kama fartanya, kafin la'asar ba ciyawa ko ɗaya a gonar.

Kurege kuwa tun ranar da ta kai tulun gwiɓa yana gindin kuka. Ya zura kai cikin tulu, ya lasa, ya ƙara shiga, ya lasa, ya ƙara shiga. Ciki ya yi tim. Ya ja baya, wuyan tulu ya ce bai san zancen ba. Ya kwana biyu a ciki, wutsiya kaɗai a waje.

Sai ga Iya ta zo godiya. Ta durƙusa, hawaye na zuba, ta ce, "Mai kuka, na gode. Ka rufa mini asiri, bana zan ci tuwon gonata."

Kurege ya kumbura murya daga cikin tulu ya ce, "Mun karɓa. Yanzu ki rufe ido, ki zuba man kaɗanya a wuyan tulun nan, ki tafi kada ki waiwaya."

Iya ta dubi tulu, ta dubi wutsiya tana karkarwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yau na ga iska mai jela."

Ta shafa man, ta kama wutsiyar da hannu biyu, ta taka tulu, ta ja, ta ja, sai ɓut! Kurege ya faɗo, gwiɓa har kunne. Ya fara rantse-rantse, ta ce, "Yi shiru. Ƙaryarka ta nome mini gona, gaskiyar wasu ba ta taɓa cire mini ko tsinke ba. Daga yau gwiɓa taka ce, amma a akushi za ka riƙa sha."

Kurege ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode Iya. Akushin dai ya zama babba."

Jan da ta yi masa ne ya sa har gobe wutsiyar kurege take buzu-buzu.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda duk zai yi ƙarya don cikinsa, ya fara auna wuyan tulu tukuna.